Na rage ƙiba amma tana neman dawowa, ya ake riƙe jiki ne dan Allah?

Maman_Biyu:
Assalamu alaikum yan uwa. Bayan haihuwata ta biyu likita yace jinina ya fara hawa, in rage jiki. Sai na yanke tuwo da shinkafa gaba ɗaya, da dare kokwamba ce kawai da dafaffen ƙwai, kuma Alhamdulillah na sauke kusan kilo goma. To yanzu kayan da na kai wa tela ya rage min sun fara matse ni, yunwa kuma ba'a magana wlh, ƙarfe goma na dare zaka ganni a kicin ina kankare ƙanzo. Ga uwar mijina kullum sai tace ko bani da lafiya ne duk na zube. Wanda ya rage ya kuma riƙe, ya akayi?

Nas_Zariya:
Wa alaikumussalam yar uwa. Wannan yunwar ba rashin haƙurinki bane, haka jiki yake, idan mutum ya sauke nauyi sinadarin da ke sa jin yunwa sai ya ƙaru, wanda ke sa jin ƙoshi ya ragu, kuma jikin da ya ragu baya ƙona abinci kamar da, shi yasa riƙewa tafi ragewa wuya. Kokwamba da ƙwai ba abincin da zaki shekara goma kina ci bane, ki dawo tukunyar gidanki kawai ki gyara zubi. Rabin faranti ya zama ganye, kwaɗon zogale ko rama ko kabeji amma kar ki cika ƙuli, kwata ɗaya wake ko kifi ko nama, sauran kwatan tuwo malmala ɗaya daidai dunƙulen hannunki. Miyar kuka da kuɓewa basu da laifi, man da muke kwararawa ne matsalar, cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ko manja kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) wajen 120 ne, mu kuwa da ludayi muke ɗiba. Kuma ki rage dunƙulen magi saboda jinin, gishirin yini guda bai kamata ya kai giram 5 ba.

Dan_Kasuwa:
Hajiya ki duba abin sha, nan ne ake cinmu. Hukumar Lafiya ta Duniya tace sukarin da ake ƙarawa kar ya wuce kashi 10 cikin 100 na kalorin abincin yini, wajen giram 50 kenan, ƙaramin cokali 12, in ma za'a iya rabin haka yafi. Robar Coke ta 50cl guda ɗaya ta cinye wannan lissafin kaf, ba'a zo kan shayin safe da madarar gwangwani ba, ga zoɓo da kunun aya na sayarwa da ake zabga musu sukari. Ni a shago ruwan leda nake ajewa kusa dani. Sai tafiya, minti 150 a sati sukace mafi ƙaranci, ni bayan asuba nake zagaya unguwa kafin rana ta buɗe, sati-sati kuma in hau sikeli a kemis ɗin layinmu, kilo biyu in ya ƙaru ka ganshi da wuri.

Gimbiya22:
Ki nemi shayin rage tumbi mana, ƙawata tasha sati ɗaya cikinta ya lafe

Nas_Zariya:
A'a dan Allah kar ta sha. Yawancinsu akwai filasko a ciki, gudawa yake sawa, ruwan jiki ne ke fita ba kitse ba, da kin daina ya dawo. Ballantana mai hawan jini da ƙila tana kan magani ko tana shayarwa.

Inna_Mai_Koko:
Yata maganar uwar miji kar ta dameki, mu haka muka taso, mace in tayi jiki ace tana cikin daula, in ta rame ace miji baya riƙonta, ƙauna ce tasa take faɗa. Ki zauna ki gaya mata likita ne yace saboda hawan jini, in ta kawo miki abinci ki karɓa hannu biyu kiyi godiya, ki ɗiba kaɗan ki raba wa yara. Gidan biki ko suna kuma kar kije da yunwa, ki ɗan ci wake a gida tukuna, in kinje masa biyu ta isheki, lemon kwalbar ki sa a jaka. Inda nake ganin mata na komawa gidan jiya shine azumi, an wuni ba'a ci ba sai a sha ruwa da ƙosai da soyayyen dankali da doya da ƙwai duk lokaci guda, Sallah na zuwa atamfa taƙi shiga.

Maman_Biyu:
Nagode Allah ya saka da alheri. Anti Nas to tuwon alkama ko acca fa, naji ance su ba'a lissafa su, zan iya cin malmala biyu?

Nas_Zariya:
Ana lissafawa mana. Alkamar da aka niƙa da dusarta tafi tuwon shinkafa riƙe ciki, amma malmalar dai ɗaya ce, in baki ƙoshi ba ki ƙara miya da ganye. Kuma ki matso da abincin daren zuwa bayan magariba.