Yaya zan sa 'yar kyanwa da ɗan kwikwiyo su saba da juna?

Maman Sadik, Hanwa:
Assalamu alaikum. Makon jiya na karɓo 'yar kyanwa daga wajen wata baiwar Allah a Samaru, wadda take tsintar 'ya'yan magen da aka yar ko waɗanda uwarsu ta mutu, ta rene su har Allah ya kawo mai ɗauka. Ta ce mini ta cika mako 8. Sai dai maigida ya riga ya kawo ɗan kwikwiyo mai wata 3 domin gadi, kuma ranar farko da ya hango ta a tsakar gida ya bi ta a guje, ita kuwa ta shige bayan buhunan masara a sito, ta yini a can ko ruwa ba ta sha ba. Don Allah waɗanda suka taɓa haɗa su a gida ɗaya, ta ina zan fara?

Baban Nana, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Hajiya, gaggawa aka yi, domin ba a haɗa su ido da ido tun daga farko. Ki ware mata ɗaki guda na wasu kwanaki, da abincinta da ruwanta da kwanon yashi na bayan gida, sannan ki goga tsumma a jikinta ki ajiye inda kwikwiyon yake kwana, ki yi haka da nasa, saboda hancinsu ne ke fara sabawa kafin idonsu. Bayan haka sai a ɗaure shi da igiya a fito da ita na ɗan lokaci, a bar mata wurin hawa da ba zai kai ba, kamar saman teburi ko taga. Tawa ta yi huci, ta tayar da gashi, ta yakushe nawa a hanci sau ɗaya, daga ranar ya san iyakarsa. Kada dai a bar su su kaɗai tukuna, domin abin da kwikwiyo ya ɗauka wasa yana iya karya ƙashin 'yar kyanwa.

Ɗalibin likitancin dabbobi, Samaru:
Mama, ki kai su duka biyun asibitin koyarwa na dabbobi da ke Jami'ar Ahmadu Bello a duba su, a ba su maganin tsutsar ciki. Allurar rigakafin ciwon haukan kare ana fara ta ne daga wata 3, saboda haka kwikwiyon ya isa, kyanwar kuma za ta bi baya, don ita ma tana kamuwa da cutar. Abin da na fi ji wa tsoro shi ne magani a gida. Farasitamol yana kashe kyanwa ko da ɗan kaɗan ne, haka nan maganin ƙuma da kaska na karnuka mai sinadarin famatirin, wanda yana iya cutar da ita ko da jikin karen kawai ta lasa. Madarar shanu tana sa yawancinsu zawo, ragowar miya mai albasa ko tafarnuwa tana lalata musu jini, abincin kare kuma bai wadatar da kyanwa ba, gara kifi ko nama dafaffe marar ƙashi tare da abincin da aka yi dominta.

Hajiya Babba, Ƙofar Doka:
'Yata, hunturu ya kusa, kin san sanyin Zariya. Ki sa mata tsohon zane a cikin kwali, kuma maigida ya riƙa bubbuga gaban mota kafin ya tayar da safe, domin suna shiga wajen inji neman ɗumi. Kwanon yashin nan kuma a ɗaga shi inda karen ba zai sa baki ba.

Maman Sadik, Hanwa:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Ashe madarar da nake ba ta ce ta jawo zawon da na gani shekaranjiya. Na daina tun yau, na mayar da ita ɗakin baƙi, tsumman kuma yana wajen kwikwiyon, sai shinshinarsa yake yi. Ranar Litinin za mu je Samaru in Allah ya yarda.