Shawarwari kan gidan marayu na coci a Jos

To jama'a ga abin da aka tsayar a hirar nan da aka yi kan kula da yaran gidan marayun. Yawanci sun ce hunturu ne babban aiki, Disamba da Janairu sanyin Jos ba wasa, a tara bargo da suwaita da man shafawa tun Nuwamba kar a zauna jiran kayan Kirsimeti, wanda kowa ya san yawancinsa biskit ne da minti. Lesin bayan makaranta a fara da wuri a tashi kafin duhu. Da damina gidan sauro dole. Wasu sun nace a rage wa masu rubuta WAEC aikace-aikacen cikin gida, ni ma na yarda. Dogon hutun Agusta kuwa masu dangi a bar su su je gida.