Muhawarar 'yan gida: jarin waje ne ke kawo hayaƙi, ko mai masauki ne ke hura wutar?

Kawu: Salamu alaikum. Wai masu zuba jari daga waje hayaƙin masana'antunsu suke kwasowa su jibge wa ƙasashe matalauta. Ni dai ban yarda ba. Ƙasa ta fara ƙoshi tukuna, tsafta na zuwa daga baya. Ingila da kwal ta tashi, ga shi a watan Satumba na 2024 ta rufe tashar wutarta ta ƙarshe mai ƙona kwal.

Injiniya: Amin wa alaikumus salam. Allah ya ƙara girma Kawu, amma Ingila ba ta daina sayen kayan ƙarfe ba, wasu ne ke narka mata da yawa daga ciki. Ku dubi Indonesiya. Tun 2014 ta fara hana fitar da ɗanyen ma'adinin nikel, a 2020 ta hana gaba ɗaya, ta ce mai so ya zo ya narka a gida. Kamfanonin Sin irin su Tsingshan suka shigo da maƙudan kuɗi, a Morowali da ke tsibirin Sulawesi da kuma Weda Bay da ke tsibirin Halmahera. Tukunyar narkar da dutse ba a kashe ta dare da rana, wuraren kuma nesa suke da babban layin wuta. Sai suka gina tashoshin kwal nasu na kansu a cikin harabar masana'antun. Yau fiye da rabin nikel na duniya daga can yake fitowa, wani ya tafi ƙarfen da ba ya tsatsa, wani batirin motar lantarki. Motar na yawo a Turai ana yabon ba ta hayaƙi, hayaƙin kuwa an rubuta shi a littafin Indonesiya.

Malama: To Yaya, wa ya tilasta musu? Indonesiya ce kan gaba a duniya wajen fitar da kwal ɗin tashoshin wuta. A 2022 gwamnatinsu ta hana gina sababbin tashoshin kwal, amma da hannunta ta cire na masana'antu daga haramcin. Ɗan kasuwa wutar da ta fi araha yake bi. Kamfanonin tufafin da suka je Hawassa a Habasha wutar madatsar ruwa suka tarar, da ita suke aiki. Tashar iska ta tafkin Turkana a Kenya, mai megawat 310, ita ma da kuɗin waje aka yi ta.

Injiniya: Ɗinkin riga daban, narkar da dutse daban, ƙanwata.

Auta: Ni fa duk wannan bai dame ni ba. Afirka gaba ɗayanta ba ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa ba. A ba mu aikin yi, a bar mu da hayaƙin.

Kawu: Yauwa Auta! Sin ta shiga ƙungiyar cinikayya ta duniya a 2001, jari ya kwararo, kafin a cika shekara goma ta wuce Amurka a hayaƙi. Ita ɗin ce yanzu ke ƙera mafi yawan allunan sola na duniya. Da ba ta yi arziki ba, ina mai shagon cajin waya zai iya sayen sola ya jingine janareto?

Malama: Gaskiya ne Kawu, sai dai har gobe ita ce ta ɗaya, kusan kashi 30 cikin 100 na hayaƙin duniya nata ne. Kuma tashar kwal in aka gina ta, shekara talatin ko arba'in za ta yi tana ci. Shugaban Sin, Shi Jinpin, ya yi alkawari a Majalisar Ɗinkin Duniya a 2021 cewa sun daina gina sababbi a waje, amma waɗanda aka riga aka kunna suna nan. Mutanen ƙauyukan da ke maƙwabtaka da su ba lissafin duniya suke shaƙa ba, toka ce a kan rufinsu da ƙirjin 'ya'yansu.

Injiniya: Kuma Auta, kada ka ɗauka labarin nesa ne. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. An buɗe masana'antar sarrafa litiyam, ma'adinin da ake yin batir da shi, a jihar Nasarawa a 2024, da kuɗin 'yan Sin. Tambayar da ya kamata a riƙa yi kafin a sa hannu a kowace yarjejeniya ita ce: da wace wuta za ku yi aiki? Tarayyar Turai ma ta fito da harajin kabon a kan ƙarfe da siminti da takin zamani da ake shigar mata.

Auta: In an yi tambayar suka tattara suka koma maƙwabta fa?

Malama: Dutsen ba ya bin su ai. A ƙasarka yake.

Kawu: Ku dai kawo min ƙasa ɗaya mai manyan masana'antu da ta yi arziki ba tare da hayaƙinta ya fara hawa ba. Ina nan bayan Isha'i.