Waɗanda suka taka kufan Histriya, ku zo mu tuna Vasile Pârvan

Mai buɗe zance:
Assalamu alaikum 'yan uwa da suka yi zama a Romaniya. Ranar 26 ga Yuni 1927 Vasile Pârvan, masanin tarihi kuma mai tonon kayan tarihi na Romaniya, ya rasu a Bukarest yana da shekara 44, ciwon afendis ne ajalinsa. Tun 1910 yake shugabantar gidan adana kayan tarihi na ƙasar, kuma shi ya fara tonon kufan Histriya a 1914. Babu wanda ya riske shi a cikinmu, amma da yawa mun taka inda ya haƙa. Wanda ya je, ya ba mu abin da idonsa ya gani.

Likita da ta yi karatu a Konstansa:
Wa alaikumus salam, Malam. Mun je da ƙawayena bayan jarrabawa, tafiyar kamar kilomita 60 arewa da Konstansa. An ce mana tashar jiragen ruwa ce, sai na isa ina ta neman teku. Babu teku! Tafkin Sinoe ne kawai da ciyawar ruwa iya ganinka. Ashe Girkawa daga Miletus ne suka kafa garin a ƙarni na 7 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), daga baya rairayin da kogin Danub ke kwasowa ya toshe musu hanyar Bahar Aswad, kasuwa ta mutu a hankali.

Abin da ya tsayar da ni ganuwar ce, wadda Pârvan ya tono. In ka matsa kusa sai ka ga ba da sabon dutse aka gina ta duka ba: ga guntun ginshiƙi an kwantar da shi, ga dutsen da aka sassaƙa don wani gini daban an cusa shi a tsakani. Mutanen da aka ci garinsu da yaƙi ne suka tattara abin da ya rage suka kare kansu. Na daɗe a tsaye ina shafa duwatsun.

Injiniya, tsohon ɗalibin Ploiești:
'Yata, kin tuna min da nisa. Mu zamanin shugaba Ceaușescu muka je, a motar makaranta. Wani dattijo da ya zagaya da mu ya ba mu labarin wani rubutun dutse na shekara ta 100 miladiyya, inda gwamnan Romawa Laberius Maximus ya tsayar wa garin iyakarsa, aka kuma tabbatar musu da haƙƙinsu na kamun kifi a bakin Danub. Ku duba fa, rigimar masunta da masu karɓar haraji, shekara kusan dubu biyu, ga ta a rubuce. Pârvan ya karanta irin waɗannan rubuce-rubuce ya buga su a 1916, shekarar da Romaniya ta shiga yaƙin duniya na farko aikin tono ya tsaya. A nan nake ganin girmansa. Tono kowa na iya yi in an ba shi diga da lebura. Shi bai bar abin da ya samu ya kwana a sito ba.

Ɗalibi a Iași:
Baba Injiniya, ni ban kai Histriya ba tukuna, Bârlad na je. Can ya yi sakandare, kuma gidan tarihin garin sunansa yake ɗauke da shi. Ɗan malamin makarantar ƙauye ne, an haife shi 1882 a yankin Bacău, ya yi digirin digirgir a Breslau. A Bârlad na ji cewa matarsa ta rasu wajen haihuwa a 1917, jaririn ma bai rayu ba. Wallahi jikina ya yi sanyi, don duk manyan ayyukansa na ƙarshe bayan wannan rashin ya yi su.

Malamar tarihi:
Ƙanena, haka ne. Mujallar Dacia a 1924, littafin Getica a 1926, ga makarantar Romaniya da ya assasa a birnin Rum don horar da matasa. Sai dai a yi adalci: ba shi ne na farko ba. Grigore Tocilescu ya riga shi riƙe gidan tarihin, ya kuma yi aikin tono a kufan Adamclisi. Wasu ra'ayoyin Pârvan kan Getawa, tsoffin mazauna yankin, ma tonon da aka yi bayansa ya gyara su. Abin da ya fi kowa shi ne ya bar ɗalibai. Da ya rasu, Scarlat Lambrino ya ɗora a Histriya, har yau kuma ana tono a wurin. Na tarar da samari da 'yan mata cikin rami da ɗan cokalin magini da buroshi, ɗaya na zana kowane kasko a takarda kafin a ɗaga shi.

Likita:
Anti, mu ma mun gan su. Ɗalibin Iași, in za ka je ka riƙe ruwa da hula, inuwa ta yi ƙaranci. Sa takalmi rufaffe, akwai macizan ruwa tsakanin duwatsu, kuma sauro na fitowa da yamma. Ka fara da ɗan gidan tarihin da ke bakin shiga, ka ga tulunan giya da mai masu tsinin gindi, sannan ka shiga kufan.