Wace kalma za mu ba "inflammation" in ba kumburi ba?

'Yan uwa masu fassarar bayanan lafiya, mu tsaya kan wannan kalma. Kusan kowa "kumburi" yake cewa. A kan ƙurji ko targaɗe ya yi daidai, amma da an zo maganar abin da ke taɓa ƙwaƙwalwar tsofaffi ya jawo musu mantuwa bayan tiyata sai ya gaza.

Tun ƙarni na 1 Celsus na Rum, wani marubuci kan ilimin likitanci, ya lissafa alamomin abin guda 4: ja, zafi, kumburi da ciwo. Ashe kumburi ɗaya ne daga cikin alamomin, mu kuma muka ɗora masa sunan duka. In aka ce "kumburin ciki" mai sauraro zai ɗauka tumbi ne ya cika da iska. In aka ce "kumburin ƙwaƙwalwa" kuwa, hankalin iyalan mara lafiya ya tashi, alhali ba lallai ne wani abu ya kumbura ba.

Ga abin da masana suke ganin yana faruwa. Yankan tiyata rauni ne, ko da an yi shi cikin tsafta. Garkuwar jiki sai ta tashi, ta zuba sinadaran saƙo irin su IL-6 cikin jini. Shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa yakan sassauta, ƙwayoyin tsaron ƙwaƙwalwar su ma su motsa, har abin ya taɓa sashen da ke adana sabon tunani. Jikin matashi yakan kwantar da wannan da wuri. Na dattijo yakan daɗe, musamman in akwai ciwon suga, ƙiba, shan taba, ƙarancin barci ko zama ba motsi, domin waɗannan kan bar garkuwar a tashe tun kafin a kai ga ɗakin tiyata.

Abin ba ƙarami ba ne. A binciken da mujallar likitanci ta Lancet ta buga a 1998 kan mutum sama da 1,200 masu shekara 60 zuwa sama, kusan kashi 26 cikin 100 tunaninsu ya ja baya mako 1 bayan babbar tiyata, kusan kashi 10 kuma har bayan wata 3.

Shawarata ita ce mu ce "ruruwar garkuwa". Tushen kalmar a Latin kunna wuta yake nufi, mu ma muna cewa wuta ta ruru. Kalmar tana karɓar daraja: ruruwa mai tsanani, ko ruruwa ta ƙasa-ƙasa mai ɗaukar shekaru. Kuma tana nuna cewa jiki ne da kansa yake yi, don ya gyara rauni, sai in ya zarce ya zama illa. "Ƙuna" na duba, amma ta tafi ga raunin wuta. "Zafin jiki" kuma zazzaɓi ya riga ya ɗauka.

Ja-bayan tunanin da ke biyo bayan tiyata kuma, don Allah kada mu kira shi gigin tsufa. Wannan suna yana sa a sallama, a daina neman taimako, alhali da yawa suna farfaɗowa. "Dusashewar tunani bayan tiyata" ta fi gaskiya.

Malaman jinya da likitocinmu, ku gwada wannan jimla a bakinku: "Baba, tiyatar ta sa garkuwar jikinka ta ruru, shi ya sa mantuwa ta yi yawa, mu fara tattaki a hankali, a gyara barci, a kula da suga." In dattijo zai gane ta ba tare da ƙarin bayani ba, mu tsayar da ita. In kuna da wadda ta fi ta sauƙi, ku kawo.