Neman kalma: ƙarfen da ke riƙe kariya a saman mota

Mai walda, Jidda: Salamu alaikum jama'a. Sunan Hausa nake nema na ƙarfen nan da ke tsakanin rufin mota da kariya. Ita kariyar babu gardama a kanta, tun ta keke haka muke kiranta. Larabawan nan salla suke ce mata, wato kwando, mu kuwa bakinmu ba zai iya cewa mun ɗaure salla a kan mota ba. Ƙarfen ne ya gagara. A sana'iyya, unguwar masu gyaran mota, ga'ida ake ce masa, jam'i gawa'id, yaran da suka zo daga gida kuma su ce biraket. Ga'idar nan ita ce ƙa'idarmu, amma a Hausa ta riga ta koma wajen doka da tsari. In na ce wa yaro ya yanko min ƙa'ida shida, kallona kawai zai yi. Takardar awo nake so in rubuta wa yaran warsha, wato shagon aikina, shi ya sa.

Direba, Sharamansur: Mu'allim, ƙafa mana. Tebur ƙafa, gado ƙafa, kariya ƙafa. Ina abin wahala?

Mai walda: Alhaji, kalmar ba ta da laifi a baki, a hannu take da shi. Ƙafar tebur tsayuwa kawai ta sani, nauyi daga sama yake zuwar mata. Wannan kuwa ta ko'ina ake jan sa. Ka hau titin Hijira zuwa Madina kana gudun kilomita 120, iska na shiga ƙarƙashin kaya tana neman ɗaga kariyar, kuma in gudu ya ninka biyu ƙarfin iskar ninkawa huɗu yake yi. Ka taka birki, kaya su nufi gaba. Ka hau kwanonin Hada zuwa Ɗa'if, su nufi gefe. Yaron da aka ce wa yi ƙafa zai yanko bututu ya tsayar, ya ce ya gama. Alhali abu uku ne a haɗe: mai tsayawa ya ɗauki nauyi, mai kama jikin mota, da robar da ke shiga tsakani.

Malamin makaranta, Madina: To ga uku ka zaɓa: mazauni, matokari, mariƙi. Mazauni shi ya fi kusa da ma'anar ga'ida.

Mai walda: Allah ya ƙara sani, Malam. Mazauni a mota kujera ce, za a rikice. Mariƙi kuma hannun ƙofa ne zai zo wa kowa a rai. Matokari na ajiye shi, akwai ɗan ƙarfen da nake sawa a karkace idan tsayin ya wuce taƙi ɗaya, shi ya dace da sunan.

Dattijo, Makka: Yaro, kun bar gida kun manta da rumfa. Itacen da ake kafawa mai baki biyu a sama, a ɗora wani a kansa, sunansa dirka. Wanda ake gittawa a rufin soro kuma azara. Abin da kuke yi a saman mota ai rumfa ce ta ƙarfe: dirkoki a gefe, azara a gicciye.

Mai walda: Baba, Allah ya ja kwana. Dirka ta zauna daram, har da wani abin da ban nema ba. Mai kafa rumfa ya san ƙasa ba daidai take ba, kowace dirka da tsayinta. Rufin mota ma haka, tsakiya ya fi tudu, gaba da baya sun sunkuya. Shi ya sa ba na yanka ƙarfe sai na fitar da siffar kowace dirka a kwali, na gwada a jikin motar, sannan in zana a fallen ƙarfe mai kaurin milimita 3 ko 4. Hujin noti kuma dogo nake yi, ba zagayayye ba, don a samu wurin matsawa. Wanda ya yanka shida tsayi ɗaya, biyu za su ɗauki kayan, huɗu na lilo.

Wata uwa, Karantina: Ni ban san ƙarfe ba, amma robar da kuka ce tana tsakani ai gammo ce. Ba a ɗora tulu a kan tsurar kai.

Direba: Hajiya ta gama magana. Wannan ko ƙuri'a ba sai an yi ba.

Mai walda: An karɓa, Hajiya. Kuma a faɗa wa masu yanko tsohon tif ɗin taya su cusa: zafin nan na Hijaz yana busar da shi ya tsattsage. Roba mai jure rana ake nema, irin ta bakin gilashin mota, wadda ake kira EPDM.

Ɗalibin injiniya, Jidda: Kawu, saura mai kamawa. Ina ganin madamƙi, daga damƙa. Sai dai ba kowace mota ke buƙatarsa ba. Shas, wato Land Cruiser 70 da Toyota ta fara fitarwa a 1984, da tsohuwar Patrol da tsohuwar Hiace, suna da leɓen magudanar ruwa a gefen rufi, nan ake damƙa. Yawancin sababbin motoci ba su da leɓen. Wasu kamfani ya bar musu ramukan noti a ƙarƙashin baƙar robar da ta bi tsawon rufin, sai a ɗaure dirka kai tsaye. Wasu kuma sai an kama bakin ƙofa.

Malamin makaranta: Madamƙi ya yi min nauyi a harshe. Me zai hana muƙamuƙi, tunda cizo yake yi?

Mai walda: Malam, gwada faɗin muƙamuƙi shida a waya giranda na kuka a bayanka. Madamƙi na ɗauka. Ɗana, ƙara da wannan a karatunka: mai ramukan noti in an ɗaure ba a sa abin toshe ruwa ba, ranar da aka yi ruwan Jidda a cikin silin motar za a gan shi. Kuma kada kowa ya huda rufi inda kamfani bai huda ba, fallen wurin siriri ne.

Ɗalibin injiniya: Haka ne. Ga batun nauyi ma. Ƙananan motoci da yawa abin da aka yarda rufinsu ya ɗauka a tafiya tsakanin kilo 50 ne zuwa 100, yana rubuce a littafin motar, kuma har da nauyin kariyar kanta a ciki. Jarkar Zamzam mai lita 20 kilo 20 ce, huɗu sun kai 80. Alminiyam nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe, shi ya sa ake son azara ta alminiyam. Amma in ya haɗu da dirkar ƙarfe a iskar gishirin Bahar Maliya, wurin haɗuwar yakan ci, sai an raba su da fenti ko gammo.

Direba: Duk na ji. Ni dai in na zo warsha ƙafa zan ce.

Mai walda: Ka ce ƙafa, Alhaji, zan gane, sunan dukan abin ke nan a bakin mai mota. A takardar yara ne zan rubuta dirka, madamƙi da gammo, kowanne da awonsa. Hiace ɗinka doguwa ce, dirka huɗu kowane gefe za ta ci. In ka je Madina ka dawo ka biyo in sake bin notunan da sifana, sabon gammo yakan kwanta su yi sako-sako.