Wa ke da gayya ranar rantsar da shugaban ƙasa?

Ɗan Wuse: Jama'a, musu muke da abokin aikina, wai majalisa ke shirya bikin rantsuwa. Ni dai ban ga haka a Abuja ba. A 2023 kwamitin miƙa mulki na Boss Mustapha, Sakataren Gwamnatin Tarayya na lokacin, shi ne ya riƙe komai. Tun Juma'a aka killace Sakatariyar Tarayya saboda bikin da za a yi a Dandalin Eagle, muka kulle ofis muka yi gida. Majalisa ta goma ma sai 13 ga Yuni ta fara zama. Waɗanda suka gani a wani wuri su ba mu labari.

Hajiyar Nima: Ɗana, abokinka ya zo Ghana ya sha kallo. Tsarin mulkinmu cewa ya yi a gaban majalisa shugaba zai yi rantsuwa. Ranar 7 ga Janairun 2025 ina Dandalin Black Star tun asuba, da kujerata ta roba da gorar ruwa. Cikin dare aka rantsar da sabbin 'yan majalisa, da gari ya waye suka ɗauko zamansu cak suka kawo filin. Har sandar majalisa sai da aka shigo da ita. Kakakin majalisa Bagbin ya buɗe zama, sannan Alƙaliyar Alƙalai ta rantsar da Mahama. Wata 'yar Kumasi kusa da ni tana ta mita, ita Mahama ta zo gani, me ya kawo kakaki? Na ce baiwar Allah, ai mu ne baƙinsa.

Malam na Maryland: Hajiya, nan Amurka ma kusan haka ne. Kwamitin haɗin gwiwa na majalisun biyu ke shiryawa tun 1901, mutum shida. Tikiti kyauta ne, ta ofishin ɗan majalisarka. Na nema, na dace, har na sayi safar hannu biyu. Ana saura kwana uku sanyi ya sa aka mayar da bikin Trump na 2025 cikin ginin majalisa na Capitol, abin da rabon a yi tun 1985. A falo na kalla, tikitin yana cikin durowa.

Ɗan Wuse: Allah sarki Malam. Hajiya, to in majalisar ta kasa zaɓen kakaki kafin safiya fa?

Hajiyar Nima: Kada ka tuna min 2021. Har sojoji sai da suka shiga zauren, mu kuma muka kwana a gaban talabijin.